Kak Mah da Fuskar Jusoh

Wan Selamah ta girme ni da shekara biyu, shi ya sa tun muna yara nake ce mata Kak Mah, yadda muke kiran yaya mace. Ita kuwa Jarah take ce mini, in na ishe ta da surutu ta ce "mai baki". Gidajenmu na kallon juna a Pasir Lintang, ƙauyenmu na masunta da ke bakin kogi, tafiyar awa guda a keke daga Kuala Terengganu. Mahaifina masunci ne. Nata mahaifin, Wan Daud, bai taɓa jefa koma a ruwa ba, sana'arsa fentin jirage. A wancan zamanin ba mai tura jirginsa cikin teku ba ado. Sai an zuba masa furanni a haƙarƙari, an yi wa katakon goshinsa kan balbela, ja da kore da ruwan ɗorawa, yadda mace za ta tsaya a gaɓa ta hango tun daga nesa ta ce ga na gidanmu can ya dawo.

Wan Daud bai haifi namiji ba, sai ya koya wa 'yarsa. Masunta ba sa son hannun mace ya taɓa jirgi, wai kifi gudu yake yi. Don haka ya riƙa ciro katakon goshin ya kawo gida, ta zauna ƙarƙashin ɗaki, don gidajenmu a kan dirkoki suke, ta yi masa fenti, shi kuma ya mayar ya kafa kamar aikinsa ne. Kafin ta kai sha biyu hannunta ya fi nasa tsayuwa. Kowa ya gane, don furannin Wan Daud ba su taɓa yin kyau haka ba, amma tunda kifi bai gudu ba, ba wanda ya ce uffan.

Ta yi makaranta, ni ban yi ba. Aka tura ta Melaka koyon aikin malanta, ni kuma na auri Jusoh, wanda na daɗe ina yi wa dariya saboda ba ya iya haɗa kalma uku a gabana. Ta dawo da takardarta saura wata biyu sojojin Japanawa su sauka ƙasarmu da yaƙi. Shekarun nan ba na son tuna su. Shinkafa ta ɓace, muka koma rogo safe da yamma har ƙafafun mutane suka kumbura. Zazzaɓi ya ɗauke Wan Daud a shekara ta biyu, ya bar mata uwa da gwangwanayen fenti shida, duk sun kusa ƙarewa. Da su ta fara zane na gaske. Ba takarda a gari, sai ta riƙa roƙon masunta tsumman ƙyallen jirgi wanda iska ta yayyaga, ta wanke gishirin, ta ɗame a kan katako. Da fentin ya ƙare ta koma kan baƙin tukunya da gangamau da jar ƙasa, tana kwaɓawa da ƙaro. Ran nan na tambaye ta me za ta yi da su, tunda ba a ci.

Ta ce, "In na zauna haka kawai, cikina nake saurare. In ina wannan kuwa, sai la'asar nake tunawa da shi."

Bayan yaƙi aka ba ta aji a makarantar 'yan mata, gari duka ya koma kiranta Cikgu, wato malama, har dattawan da suka san ranar sunanta. Doguwa ce ba jiki, ga saurin fushi, ga wani baƙin keke mai ƙara da ake jin tahowarsa tun daga gada. Maza biyu sun nemi aurenta. Na farko ta ce ya cika magana, na biyu ta ce ba ya magana. Uwarta ta gaji ta zuba mata ido.

Da an tashi daga makaranta sai ka gan ta a gaɓa da allonta. Mu mata take zanawa: masu shanya kifi, masu kirɓa kifi da garin sago mai kama da na rogo, masu ɗinkin koma, masu sauke kwanduna in jirage sun dawo. Amma duk ta baya take zana mu, ko ta gefe, mayafi ya rufe. Autan kawunnanta, Tok Embong, shi ne limamin ƙauye, kuma tun farko ya gaya mata shi bai ga laifin zanen jirgi da teku ba, amma fuskar ɗan Adam a bar wa Wanda ya halicce ta. Ba ta yi masa musu ba, ta yi alkawari. Gaskiya kuma ba a buƙatar fuskar. Kana kallon zanen za ka ce wannan Mek Ngah ce maƙwabciyarmu, dubi yadda ta sauke nauyinta a ƙafa ɗaya.

Ni na fi kowa shan wahalarta.

"Jarah, ɗora kwandon nan a ka."

"Kak Mah, kifina na rana, ƙuda na bi."

"Ƙuda ma ya ci rabonsa. Juya. Ba haka ba, kamar kina hango Jusoh."

"In Jusoh nake hangowa ai ba tsayuwa zan yi ba, tukunya zan je in ɗora."

"To tsaya kamar kin manta da tukunyar. Ai kin saba."

Haka zan tsaya har wuyana ya ƙage. In ta gama in leƙa, in tarar ta ba ni wani ƙugu kamar na mutum biyu. In na ce wannan ai ba nawa ba ne, sai ta ce nawa ne, ban dai taɓa ganinsa ba ne.

A unguwar Sinawa ta cikin birni akwai wani mai kanti, Tauke Teo, yana sayar da igiya da ƙusa da fenti. Wurinsa take sayayya. Wata rana ta kai masa zane ɗaya ya auna mata katakon da za a kewaye shi da shi, ya ɗaga ya daɗe yana kallo, daga nan ya roƙe ta ta bar masa biyu ya rataye a kanti. Shekara guda bayan samun mulkin kai ya gani a jarida za a baje zane-zane a Kuala Lumpur, ya matsa mata lamba har ta yarda ya aika da huɗu. Aka karɓi uku, aka rubuto ana gayyatarta. Uwarta ta ce mace ba ta wannan tafiyar ita kaɗai. Na tambayi Jusoh, ya ce in je, in dai zan dawo.

Kwana biyu muka yi a bas. Ba gadoji a lokacin, duk kogin da muka isa sai a sauka a jira jirgin fito, na daina ƙirgawa a na bakwai. Ni da na girma a bakin teku, a mota na yi ta amai, Kak Mah na yi mini fifita tana cewa na kunyata masunta.

Ɗakin da aka baje zanen ya fi masallacinmu girma sau huɗu. Fankoki na juyawa a sama, maza sun ci kwat, ga Turawa mata da huluna. Muna shiga na hango bayana a bango, da kwandona a ka. Wani mutum mai lofe a baki yana tsaye a gabansa, yana yi wa abokinsa bayani wai matar nan tana ɗauke da wahalar talakan ƙasa gaba ɗaya, ka duba yadda take kallon teku cikin baƙin ciki. Ina bayansa tsaye na ce, "Cik," wato malam, "kifinta take tunani, ta bar shi a rana." Kak Mah ta mintsine ni a cinya, sai da wurin ya kwana uku yana ciwo.

Akwai wani tsoho kuma, Cikgu Foo, malamin zane ne daga Singapore. Shi bai yi wa kowa bayani ba. Ya tsaya gaban zanen masu ɗinkin koma har ƙafata ta gaji a madadinsa, sannan ya tambayi wa ya koya mata. Ta ce mahaifinta, mai fentin jirgi. Ya gyaɗa kai ya ce ya ga alama, hannun ba ya rawa. Ya ce amma duniya ta yi nisa a wannan aiki, ya kamata ta zo makarantarsu ta ga abin da ake yi, ko da shekara biyu ne. A hanyar dawowa, a fito na uku, ta tayar mini da maganar.

"Jarah, shekarata talatin da bakwai. Ba abin dariya ba ne in koma ɗaliba?"

"Abin dariya ne. Ki je, mu yi dariyar a nan."

Ta tafi. Ni na riƙa kai wa uwarta abinci. Wasiƙunta 'yata Rokiah ke karanta mini. Na farko-farkon dogaye ne, cike da labarin motoci da yadda ake cin taliya da tsinke biyu. Daga baya suka gajarce, sai gaisuwa da tambayar ko jirage na samu. Shekara ɗaya da rabi ta yi ta dawo da wani ƙaton akwatin katako. Muka taru ƙarƙashin ɗakinsu, mata da yara, ta shiga fito da zanen ɗaya bayan ɗaya tana jinginawa a dirka. Shuɗi a nan, baƙi a can, wasu layuka sun gitta, wasu abubuwa masu kusurwa uku. Ta ce wannan jirage ne da asuba. Muka yi ta kallo. Can Mek Ngah ta karkata kai ta ce, "Cikgu, wannan ba a gama ba ne, ko a hanya ya lalace?"

Aka bushe da dariya. Ita ma ta yi, amma na san dariyarta ta gaske, ba wannan ba ce. Da aka watse na tsaya taya ta mayarwa cikin akwati. Ta ce, "A can sun yaba waɗannan. Zanena na dā kuma na kalle su da idon can, sai na ga kamar ado ne kawai. Yanzu in na zauna gaban allo, hannuna ya rasa wanda zai bi, na nan ko na can." Ta buga murfin akwatin ta tura shi lungu. Fiye da shekara ba ta taɓa buroshi ba. Keken ya zo ya wuce gaɓa bai tsaya ba. Na yi zolaya, na yi faɗa, har kwando na ɗora a ka na tare mata hanya, ta ce in matsa za ta makara.

A watan Nuwamba na 1961, daidai shigar iskar da ke rufe bakin kogi, jirage shida suka fita. Garin ya waye fes, kowa na son ya ƙara kamu ɗaya kafin a ja jirage tudu. Kafin azahar sama ta haɗe ta gabas. Muka tsaya a gaɓa cikin ruwan sama muna ƙirga masu shigowa. Biyar suka shigo, ban da na su Jusoh. A rana ta huɗu teku ta mayar da Jusoh can gaba da ƙauyen Merang, maza suka je suka ɗauko shi. Ba su bar ni na gan shi ba. Tok Embong ya ce mini, "Jarah, ki riƙe shi yadda kika san shi."

Na shiga takaba. Mutane sun yi ƙoƙari, ba a bar tukunyata ta bushe ba. Amma wajen kwana arba'in wani abu ya same ni da ban gaya wa kowa ba. Na nemi fuskarsa a raina na rasa. Muryarsa na nan, tarinsa na safe na nan, har tafin ƙafarsa da gishiri ya faffasa ina gani. Fuskar kuwa da na matso sai ta watse kamar an jefa dutse a ruwa. Hoto ɗaya ya taɓa ɗauka a rayuwarsa, na katin shaida, shi ma yana cikin gwangwanin tabarsa a ƙugu ranar da suka fita.

Kak Mah na zuwa kullum da la'asar ta zauna a baranda ta taya ni tsince shinkafa. Ran nan na ce mata, "Ki zana mini shi."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na daina."

"Ban tambaye ki ko kin daina ba."

"A Singapore na zana fuskoki, amma masu su na zaune a gabana. Shi fa?"

"Shekara ashirin kina ganinsa."

"Bayansa nake gani, Jarah. Kuma kin san alkawarina da kawu."

Na ce shi ke nan, na ja faifan na shige ɗaki. Na ji ta sauka matakala a hankali. Washegari da la'asar na ji ƙarar keken, ta hawo da takardu a hammata da guntayen gawayi a aljihu. Ta zauna ta ce, "Fara daga goshi."

Abin da muka yi ke nan kusan wata biyu. Ni in faɗa, ita ta ja. In ce goshin ya yi faɗi, ta goge da yatsa. In ce yanzu kuma ya yi kaɗan. Kunnensa na hagu ya fi na dama fitowa, na gaya mata, ta fito da shi har ya koma kamar marfin tukunya, na ce ai ba akuya na aura ba. Ta jefar da gawayin ta ce in zana da kaina tunda na iya. Wata rana abin da ya fito mahaifinsa ne sak, wata rana wani baƙo da ban taɓa gani ba. Ta je gaɓa ta zaunar da ƙanensa a kan kifaffen jirgi don ta samu haɓa. Ta sa Rokiah ta yi ta kallon rana tana ƙanƙance ido, don idon ubanta ta ɗauko. Takardun da ta yayyaga sun isa hura wuta mako guda. Cikin wannan faɗan namu ne na fara cin abinci ba a roƙe ni ba.

Magana ta kai kunnen Tok Embong. Ya zo ya tsaya a gindin matakala da sandarsa, bai hawo ba. Ya gaishe ni, ya tambayi lafiyar Rokiah, sannan ya dubi 'yar yayar tasa.

"Selamah, an ce mini kin karya alkawari."

"Na karya, Pak Su." Haka muke kiran autan kawu.

"Ra'ayina yana nan inda yake."

"Na sani."

"To." Ya juyo gare ni. "Jarah, in an gama, kada a rataye shi ta alƙibla."

Na ce to. Ya juya zai tafi, iska ta ɗaga takardar da ke cinyarta, idonsa ya sauka a kai. Ya ɗan tsaya. Ya ce, kamar da sandarsa yake magana, "Girarsa ta dama a tsage take. Ƙugiya ce ta kama shi yana saurayi, ina cikin jirgin ranar." Ya tafi abinsa. Ni da nake kwana da tashi da girar nan shekara ashirin, na manta da tabon, don na daina ganinsa tuntuni. Liman bai taɓa cewa ya yarda ba har ya bar duniya, bai kuma taɓa tayar da maganar a masallaci ba.

Bakin ne ya fi ba mu wahala. Duk yadda ta yi sai ya fito ko mai fushi ko mai washe haƙora, Jusoh kuwa ba ko ɗaya. Ran nan ina tankaɗe na tuna. Na ce mata yana da karyayyen haƙori a gaba, kunyarsa yake ji, shi ya sa ba ya buɗe baki in zai yi dariya, sai dariyar ta rasa hanya ta haura kumatu. Ta sunkuya, na ji gawayi na tafiya a takarda, ta shafa da ɗan yatsa sau biyu, ta juyo mini da ita. Na buɗe baki in ce ga inda ta yi kuskure, kamar kullum, sai kuka ya ƙwace mini. Tun ranar da aka binne shi ban yi kuka irin na yammacin nan ba. Kak Mah ba ta iya rarrashi ba. Ta zauna kawai tana goge baƙin hannunta a zani, har na gaji.

Ba shi ne sak ba, kada in yi ƙarya. Hancin har yau ban yarda da shi ba, na kuma gaya mata. Ta ce hancin mijina da ma ba abin yarda ba ne.

Da na fita takaba ta sake yin sa da fenti a kan katako mai kyau da Tauke Teo ya aiko, ya ce kada a yi masa maganar kuɗi. Mata suka yi ta zuwa gani. Ba a yi mako ba sai ga Mek Ngah ta jawo mijinta Pak Hitam da hannu har gidan su Kak Mah. Ta ce, "Cikgu, ki zana wannan tun yana nan, kada ki zo ki wahalar da ni irin ta Jarah." Pak Hitam ya ce shi ba yanzu zai mutu ba. Ta ce wannan ba a hannunsa yake ba, ya zauna ya cire hula.

Daga nan aikin ya kama ta, bai sake ta ba shekara ashirin. Injuna suka shigo, ƙyallen jirgi ya ɓace, aka koma shafa wa jirage shuɗi ɗaya da lamba a gefe. Ita kuwa tana bisa keke, daga baya a bas, tana bin ƙauyukan gaɓa har wajen Besut. Tsofaffin masunta, ungozomomi, masu saƙa, wani makaho mai kiran salla, duk wanda danginsa suka ce a zo. Wasu gidajen ba sa so, ba ta kuma taɓa roƙo ba. Inda ake so ta zauna kwana uku ko huɗu, ta sa mutum ya yi ta ba ta labari har ya manta ana kallonsa. A sallame ta da busasshen kifi ko kwakwa ko mudun shinkafa, ta ɗaure a bayan keke. Abin da ta koyo a Singapore ma bai ɓata ba. Na lura tana sa kore a kumatun mutum, ko shuɗi ƙarƙashin ido, in ka matso ka ce ta haukace, in ka ja da baya ka ga mutum zai yi magana. Na ce mata ashe dai tafiyar ta yi rana. Ta ce in kama bakina.

Ba ta ƙara aika komai Kuala Lumpur ba. Sun rubuto sau biyu, ta ce zanen ba nata ba ne balle ta aika, suna bangon masu su. Sai suka manta da ita, ita ma ba ta damu ba, ko kuma ta damu ba ta nuna mini ba. Wannan ban sani ba.

Ciwon sukari ya kama ta bayan ta bar koyarwa, ya ci idon hagu, ya fara na dama. Zanenta na ƙarshe wata jaririya ce, jikar Rokiah, ba ta gama ba. Ta rasu wata Talata da hantsi a 1983. Ni na yi mata wanka. Hannunta na dama akwai fenti a gefen farce, na yi ta cuɗawa, wani ya fita wani ya ƙi.

Bayan shekara biyar wata yarinya ta zo daga gidan adana kayan tarihi, da gilashi a ido da littafi a hannu, tana son a tara zanen Cikgu a baje a birni mako biyu. Ta bi gida-gida ta ƙirga ɗari biyu da wani abu. Da ta zo maganar a ba ta aro, sai kowa ya shiga kame-kame. Wannan ya ce sai ya tambayi yayansa, wancan ya ce ƙusar ta yi tsatsa ba ta ciruwa. Gidana ta zo sau uku, na ba ta shayi sau uku. A ƙarshe gida goma sha tara suka yarda.

Mek Ngah na cikinsu, amma da sharaɗi, sai dai a tafi da ita. Lokacin ta kusa tamanin, Pak Hitam ya daɗe da rasuwa. Yarinyar ta ɗauka wasa ne. Ranar buɗewa sai ga Mek Ngah da ƙullin abincinta, ta shimfiɗa tabarma ƙarƙashin zanen. Mai gadi ya ce ba a zama a nan, ta ce ita ba zama ta zo ba, rakiya ta yi. Duk wanda ya tsaya kallo sai ta gaya masa sunan mutumin da sunan jirginsa, da yadda ya taɓa kamo kifin da sai da mutum huɗu suka ɗauka, da cewa yana da rowar taba. 'Yan makaranta suka riƙa zama a gabanta suna rubutawa. A rana ta uku mai gadin ya kawo mata kujera daga ofis. Kullum jikanta ya kai ta da safe a babur ya ɗauko ta da la'asar, har mako biyun suka cika. Ranar ƙarshe ba ta jira ma'aikata ba, ta sa jikan ya sauke zanen, ta naɗe shi a sabon zani, ta rungume a bayan babur suka taho gida.